Bayan an watse daga jaje, wa ke dawowa da guduma?

Kwanakin baya, a wajen wata walimar suna da aka yi a gidan wani ɗan'uwanmu a nan birnin Houston na jihar Texas, hira ta biyo da mu ta kan ɗan asusun da muke tarawa domin agaza wa waɗanda bala'i ya afka wa. Na kawo shawarar a ware wani kaso a aika wa ƙungiyoyin da har yanzu suke gyaran gidaje a tsaunukan yammacin jihar Carolina ta Arewa, inda mahaukaciyar guguwar Helene ta yi ɓarna a ƙarshen watan Satumban 2024.

Wani dattijo da nake ganin girmansa ya dube ni ya ce, "Haba Malam, ai wannan magana ta wuce, an yi jaje an gama. Kuma waɗannan da kake faɗa ai 'yan coci ne, addininsu suke yaɗawa da sunan taimako." Mutane da dama suka gyaɗa kai. Na ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji," na ja bakina na yi shiru, domin shi babba ne, wurin kuma ba na jayayya ba ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta abin da na kasa faɗa a ranar.

Ra'ayina shi ne, taimakon da ya fi tsada ga wanda guguwa ta rushe wa gida shi ne wanda ke zuwa a shekara ta biyu da ta uku, lokacin da 'yan jarida suka kwashe kayansu, masu jaje suka watse, shi kuma yana nan yana kwana a ɗaki ɗaya na gidan da bai gyaru ba. A ƙasar nan, wani babban kaso na wannan aiki mai cin rai yana wuyan ayarin masu aikin sa-kai na coci-coci ne, da kuɗin da mabiyansu ke sakawa a baiko. Ni Musulmi ne, kuma ban ga abin da zai hana ni faɗin wannan gaskiya ba, ko ya hana ni koyi da tsarin da na ga yana aiki.

Abin da ruwa ke bari a baya

Wanda bai taɓa shiga gidan da ambaliya ta kwana a ciki ba zai ɗauka cewa da zarar ruwa ya janye, sai shara da wanki. Gidajen Amurka galibi da katako ake kafa su, a rufe bangon ciki da allunan filasta, a cusa wani abu mai kama da auduga a tsakani don tare zafi da sanyi. Idan ruwa ya shiga, duk waɗannan suna tsotse shi, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu fumfuna ta fara bin bango. Dole a yanke bangon har sama da inda ruwan ya kai, a ciro audugar, a ɓamɓare daɓe, a fitar da katifu da kujeru a jibge a bakin titi, a bar gidan ya bushe tsirara. Wannan shi ne aikin makonnin farko, kuma shi ne wanda ake nunawa a talabijin.

Abin da ba a nunawa shi ne mayar da gidan yadda yake. Ana buƙatar kafinta, da mai haɗa wutar lantarki, da mai aikin famfo, da takardar izini daga hukumar gari, da jami'in da zai zo ya duba aikin kafin a rufe bango. Kowane mataki kuɗi ne, kuma bayan guguwa farashin kayan gini da na ma'aikata yakan tashi, saboda gari guda ne ke neman kafinta a lokaci guda.

Na ga wannan da idona bayan guguwar Harvey a watan Agustan 2017, wadda ta zubar da ruwan saman da a wasu wurare gabas da Houston ya haura mita 1.5 cikin 'yan kwanaki. Akwai wata tsohuwa a layinmu, gwauruwa, mai rayuwa da ɗan kuɗin fansho. Ba ta da inshorar ambaliya, kamar yawancin waɗanda ruwan ya shiga gidajensu a lokacin, kuma inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Ɗan tallafin da ta samu ta damƙa wa wani ɗan kwangila, ya yi rabin aiki, ya daina ɗaukar wayarta. Ta shafe kusan shekara biyu tana girki a kan ƙaramin risho, bangon falonta a buɗe ana ganin katako da wayoyin wuta.

Mu maƙwabtanta mun kai mata abinci a makon farko, mun taya ta fitar da kaya, daga nan kowa ya koma harkarsa. Waɗanda suka gama gidan wasu baƙi ne daga wata ikilisiya ta wata jiha mai nisa, yawancinsu masu furfura. Ayari ɗaya ya zo ya kafa alluna ya tafi, wani ya zo ya shafe ya yi fenti, wani ya zo ya shimfiɗa daɓe. Ranar da na leƙa na gaishe ta na ce, "Mama, gida ya yi kyau," sai ta riƙe hannuna ta kasa magana. Tun daga ranar na daina ɗaukar wannan aiki da wasa.

"Ai aikin gwamnati ne, ƙasar kuma mai arziki ce"

Wannan ita ce hujjar da na fi ji daga 'yan'uwanmu, musamman na gida, kuma tana da ƙarfi. Ƙasar da ke kashe maƙudan kuɗi a kan makamai ba ta da uzurin barin tsohuwa cikin gidan da fumfuna ta cinye. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma ba na son aikin coci ya zama mayafin da hukuma za ta lulluɓe gazawarta da shi.

Amma a dubi yadda tsarin yake. Hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya, wato FEMA, ba a kafa ta don ta mayar wa mutum duk abin da ya rasa ba. A lokacin Helene, iyakar abin da take iya bai wa iyali don gyaran gida shi ne dala 42,500, kuma mafi yawan mutane abin da suke samu bai kusanci haka ba. Tallafinta ga iyalai kuma bisa ƙa'ida wata 18 yake yi daga ranar da aka ayyana bala'in. Babban kuɗin sake gina gidaje yana fitowa ne ta ma'aikatar gidaje ta tarayya, sai majalisar dokoki ta amince da shi tukuna, sannan jiha ta rubuta tsarin kashe shi, sannan a fara karɓar takardun neman taimako.

Mutanen Lake Charles da ke jihar Louisiana sun ɗanɗana wannan jira. Guguwar Laura ta faɗa musu ranar 27 ga Agustan 2020, bayan mako shida Delta ta biyo baya ranar 9 ga Oktoba ta yaye tamfol ɗin da aka rufe gidaje da shi. Sai da aka haura shekara guda kafin majalisa ta amince da kuɗin farfaɗo da yankin, kuma amincewa daban, isar kuɗi hannun mai gida daban. A duk tsawon wannan lokaci ruwan sama bai daina zuba ta rufin da ya yaye ba.

Akwai kuma waɗanda tsarin ke zubarwa gaba ɗaya, kuma nan ne abin ya fi taɓa ni, domin matsalar mun san ta a gida. A kudancin Amurka, iyalai da yawa na baƙar fata suna zaune a gidajen gado waɗanda ba a taɓa raba su a kotu ba. Kaka ya rasu bai bar wasiyya ba, jika yana zaune a gidan shekara da shekaru, amma takardar mallaka tana ɗauke da sunan mamaci. Shekaru da dama ana hana irin waɗannan mutane tallafin gyara saboda ba su da shaidar mallaka, kuma haka ta faru ga dubban mutane a tsibirin Puerto Rico bayan guguwar Maria a 2017. Sai a watan Satumban 2021 FEMA ta sassauta wannan ƙa'ida.

Bayan guguwar Katrina ma, wadda ta afka ranar 29 ga Agustan 2005 har kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans ya nutse da shingayen tare ruwa suka fashe, shirin sake gina gidaje na jihar Louisiana mai suna Road Home ya riƙa auna tallafi da darajar da gida yake da ita a kasuwa kafin guguwa, idan ta gaza kuɗin gyara. Gida iri ɗaya, ɓarna iri ɗaya, amma na unguwar talakawa baƙar fata ya samu abin da bai kai na unguwar masu hali ba, alhali farashin katako ɗaya ne. Sai da aka je kotu a 2008, aka sasanta a 2011.

To, wanda ya ce a bar wa gwamnati, sai ya faɗa mana inda waɗannan mutane za su kwana kafin gwamnatin ta iso. Matsa wa hukuma lamba wajibi ne, gyara rufin maƙwabci ma wajibi ne, kuma yin ɗaya bai ɗauke ɗaya ba. Hasali ma dokar ƙasar ta san da wannan haɗin gwiwa: a wasu ayyukan gaggawa ana lissafa sa'o'in da masu aikin sa-kai suka yi, a rage su daga kason kuɗin da ya hau kan jiha da ƙaramar hukuma.

Me ya sa coci-coci ke iya jurewa

Amsar ba a ɓoye take ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, su kuma sun daɗe da fafe nasu. Ƙungiyar Mennonite Disaster Service, ta ɗarikar Kirista mai suna Mennonite, ta samo asali ne tun 1950 a wani ƙaramin gari mai suna Hesston a jihar Kansas. 'Yan Baptis na kudu, waɗanda ake ganewa da riguna masu ruwan ɗorawa da manyan motocin girki, sun fara nasu aikin a 1967 bayan guguwar Beulah ta faɗa wa Texas. Hukumar agaji ta cocin Methodist, UMCOR, an kafa ta a 1940. Bayan guguwar Camille ta 1969 ta nuna yadda ƙungiyoyi ke cin karo da juna, wasu wurare taimako ya yi yawa wasu kuma babu ko ɗaya, sai suka haɗu a 1970 suka kafa majalisar da ke daidaita ayyukansu har yau.

Ikilisiya tana da abubuwan da asusun da aka buɗe da zafin tausayi ba shi da su. Tana da mutanen da ke haɗuwa duk mako ko an yi bala'i ko ba a yi ba, don haka ana iya tunatar da su a watan ashirin kamar yadda aka tunatar da su a makon farko. Tana da gini mai ɗakin girki da babban zaure, wanda ake jera gadaje a ciki masu aiki su kwana kyauta. Tana da 'yan fansho waɗanda suka ƙare rayuwarsu a aikin kafinta ko lantarki, ga lokaci ga gwaninta, da ɗalibai masu ƙarfi a jika lokacin hutu. Ayari yakan iso ranar Lahadi, ya yi aiki Litinin zuwa Juma'a, ya tafi, wani ya maye gurbinsa, yayin da shugaban aiki guda yake zaune watanni yana riƙe da zaren kowane gida.

Abin da ya fi burge ni shi ne sashen da babu guduma a cikinsa. A gundumar da bala'i ya shafa akan kafa kwamitin farfaɗowa na dogon lokaci, a ba kowane iyali jami'in da zai bi kadin al'amarinsu: nawa inshora ta biya, nawa hukuma ta bayar, an ƙi su ne saboda kuskuren takarda a ɗaukaka ƙara, me ya rage. Ragowar buƙatar sai a kawo ta kan teburin da wakilan ƙungiyoyi ke zaune. Wannan ya ɗauki kayan rufi, wancan ya ce zai turo ma'aikata, wani ya ɗauki firiji da gado. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan jinkar ta gaske ce ake ɗauka. Bayan Katrina, dala miliyan 66 daga cikin gudummawar da ƙasashen waje suka aiko an damƙa su ne ga wata gamayya da UMCOR ta jagoranta, don wannan aiki na bin iyalai ɗaya bayan ɗaya.

A tsaunukan Carolina ta Arewa, inda Helene ta kashe fiye da mutum 100 kuma birnin Asheville ya kai har 18 ga Nuwamba kafin ruwan famfonsa ya sake shawuwa, wata matsala ta daban ta fito. Iyalai da yawa ƙaramar gada ce ta kansu ke haɗa gidansu da titi, ruwa ya tafi da ita, motar asibiti ko ta kashe gobara ba ta iya isa gare su. 'Yan Mennonite, waɗanda suka ƙware a gina irin waɗannan gadoji tun wata ambaliya da aka yi a jihar West Virginia, suna cikin masu wannan aiki. Babu wanda zai gina gada a makon jaje.

Maganar yaɗa addini

Yanzu in koma ga abin da Alhaji ya faɗa, domin bai kamata a share shi ba. Gaskiya ne cewa ƙungiyoyin ba ɗaya suke ba. Ƙungiyar Samaritan's Purse, wadda mai wa'azi Franklin Graham ke jagoranta daga garin Boone na Carolina ta Arewa, ba ta ɓoye cewa wa'azi yana cikin manufarta ba, kuma al'adarta ce idan an gama aiki a miƙa wa mai gida Littafi Mai Tsarki da ma'aikatan suka sa wa hannu. Wasu kuma, irin su Mennonite da Methodist da Lutheran, an san su da yin aikinsu su tafi. Majalisar ƙungiyoyin agaji da na ambata tana da ƙa'idar da mambobinta suka amince da ita, cewa ba a amfani da halin da wanda bala'i ya shafa ke ciki a ja shi zuwa wani addini.

Matsayina a nan a fili yake. Duk wanda ya sa sharaɗin sauraron wa'azi kafin ya gyara rufin wanda ke cikin ƙunci, ya ci amanar taimako, ko fasto ne ko limami. Mutumin da ya rasa komai ba ya cikin halin da zai iya cewa a'a, kuma cin moriyar wannan rauni zalunci ne. Amma cewa imani ne ya taso da mutum daga gidansa ya tuƙa mota kwana guda don ya yi wa baƙo fenti, wannan ba laifi ba ne. Mu ma abin da ke sa mu fitar da zakka da sadaka ke nan. Idan muka zargi niyyar kowane Kirista da ya yi alheri, ba mu da bakin ƙorafi ranar da aka zargi tamu.

Kuma filin ba a rufe yake gare mu ba. Lokacin Harvey, masallatan Houston sun buɗe ƙofofinsu sun zama mafaka ga kowa. Ƙungiyoyin agaji na Musulmi, Islamic Relief ta Amurka da ICNA Relief, duk suna zaune a waccan majalisa tare da ƙungiyoyin coci. A garin Princeville na Carolina ta Arewa, wanda 'yantattun bayi suka kafa aka yi masa rajista a 1885, kuma kogin Tar ya mamaye shi a guguwar Floyd ta 1999 da ta Matthew a 2016, matasan Islamic Relief sun yi aikin gyaran gidaje kafaɗa da kafaɗa da 'yan Methodist. Inda muka gaza shi ne ɗorewa: muna da zafin nama a makon farko, amma ba mu da yawan ayarin da za su yi ta karɓa-karɓa har shekara uku.

Ba gara a ba 'yan gari kuɗin ba?

Wannan hujja ta fi ta baya nauyi a wurina, kuma a wasu lokuta ita ce daidai. Idan mutum goma sha biyu za su kashe kuɗin jirgi da na otal don su yi kwana huɗu suna ɗaukar hoto, alhali babu wanda ya taɓa riƙe zarto a cikinsu, to gara su zauna a gida su aika kuɗin. Aikin da aka yi ba daidai ba sai an rushe an sake, kuma baƙin da suka zo ba tare da gayyata ba suna cin abinci da makwancin da 'yan gari ke buƙata. Akwai kuma leburori da kafintocin wurin, waɗanda su ma guguwar ta shafa, kuma aikin gyara shi ne abincinsu.

Sai dai ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi ba sa gasa da ɗan kwangila, domin gidajen da suke ɗauka na waɗanda ba za su taɓa iya biyan ɗan kwangila ba ne: tsofaffi, naƙasassu, uwa mai renon yara ita kaɗai. Aikin wuta da na famfo galibi ana ba masu lasisi na garin a biya su, kayan gini kuma a saye su a shagunan yankin. Da yake kuɗin ma'aikata babban kaso ne na kuɗin gyara, cire shi yana sa gudummawar da za ta gama gida ɗaya ta kai ga fiye da haka. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: wa ke yanke shawarar gidan da za a fara da shi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kwamitin 'yan gari ne ke ba baƙi umarni, aikin yana kan hanya.

Kuɗi, da lokacin ba da shi

A kan gudummawa, kuskurenmu biyu ne. Na farko shi ne aika kaya. Duk wanda ya yi aikin agaji a ƙasar nan zai ba ka labarin tulin tsofaffin tufafi da ke cika ɗakunan ajiya, har ma'aikata su bar aikin ceto su koma tsince-tsince, ƙarshe a zubar da mafi yawa. Masu wannan aiki har suna kiran abin da bala'i na biyu. Idan za a aika kaya, a aika abin da aka nema, kamar bokitan kayan share gida da 'yan Methodist ke haɗawa bisa jeri guda su tara a ma'ajiya tun kafin damina ta guguwa ta kama.

Na biyu shi ne zuba komai a makon farko. Mafi yawan kuɗin da jama'a ke bayarwa yana shigowa ne lokacin da hotunan ke yawo, ya ƙafe cikin 'yan watanni, daidai lokacin da aikin gini mai cin kuɗi yake shirin farawa. Sau da yawa ma mai bayarwa yakan ɗaure kuɗin da sharaɗin abinci da ruwa kaɗai, ƙungiya ta rasa ikon sayen ƙusa da shi. Wanda yake son kuɗinsa ya yi aiki, ya raba shi biyu, ya riƙe rabi sai an shekara.

Ba na cewa a ba kowace coci kuɗi ido rufe. A tambayi ƙungiya gida nawa ta gama bara, a nemi rahoton kuɗinta, a ga ko tana zaune a kwamitin gundumar ko ita kaɗai take rawarta. UMCOR, alal misali, tana da tsarin da duk abin da aka bayar don wani bala'i yake tafiya can gaba ɗaya, kuɗin gudanar da ofis kuma ana tara shi daban a baikon wata Lahadi ta musamman kowace shekara. Irin wannan bayani ya kamata mu nema daga kowa, har da ƙungiyoyinmu na masallaci.

Satumba ɗaya, garuruwa biyu

Ba zan iya tuna Helene ban tuna Maiduguri ba, domin a wata ɗaya abin ya faru. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na birnin, kwana 16 kafin Helene ta sauka a gaɓar Florida. Mun ga yadda gwamnoni da attajirai suka yi ta zuwa jaje ana sanar da gudummawar biliyoyin naira, mu ma nan mun tara abin da ya sawwaƙa mun aika. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, a cikinmu wa ya sake buga waya bayan shekara ya tambayi wanda ɗakinsa ya faɗi ko ya samu ya tayar da shi.

Abin da ayarin coci ke yi a nan ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Sunansa gayya. Kakanninmu sun san yadda ake taruwa a yi wa gajiyayye yaɓe ko a ɗora masa jinka kafin damina. Abin da waɗannan mutane suka ƙara a kai shi ne rajista, da jadawali, da ma'ajiyar kayan aiki, da asusun da ba ya jiran bala'i. 'Yan'uwanmu Kiristoci na arewa maso gabas ma sun san wannan tsari da kansu. Cocin Brethren ta Amurka, wadda ke da sashen gyaran gidaje bayan guguwa, ita ce tushen Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya tun zuwan mishan Garkida a 1923, kuma bayan Boko Haram ta mamaye hedikwatar Ekklesiyar a Kwarhi a 2014, cocin ta Amurka ta buɗe asusun da ya shafe shekaru yana taimakawa da matsuguni da abinci da iri.

Bayan kwana biyu da walimar, na je gidan Alhaji da yamma na same shi shi kaɗai. Na ce, "Alhaji, ina neman izini in ƙarasa maganar rannan." Na ba shi labarin tsohuwar layinmu, na nuna masa hoton falonta kafin gyara da bayan gyara. Bai ce ya sauya ra'ayi a kan coci ba, ni ma ban nemi haka ba. Abin da muka tsayar shi ne za mu kai wa sauran 'yan'uwa shawara a zama na gaba, cewa daga yanzu kashi ɗaya cikin uku na duk abin da muka tara za a ajiye shi sai bala'in ya shekara, a raba tsakanin nan da gida. Ya kuma ce idan an samu ayarin da za su karɓi Musulmi su ba su wurin salla, ɗansa na biyu yana da hutu a watan Maris, kuma ya iya aikin fenti.